Ƙusa a Silifas ɗin Zubaidatu

Ƙiiiiƙ.

Haka na ji shi daren Laraba, dawowata daga sallar isha'i ke nan, ina zaune bakin katifa ina tsoma burodi a shayi. Na tsaya cak da burodin a hannu. Ba kukan mage ba ne, magunan unguwar Sa'alaba na san muryarsu ɗaya bayan ɗaya. Ba kuma iska ba ce. Idan iska ta taso daga teku ta shiga bututun jirgina, wani gunji take yi mai daɗi, kamar saniya tana kiran ɗanta daga nesa. Wannan kuwa kukan abu ne da ake zarewa da ƙarfin tsiya alhali ba ya son fita.

Ƙiiiiƙ. Sai ƙwas!

Shekara talatin da biyu ina riƙe guduma a garin Jidda, ba sai an gaya mini ba. Ƙusa ake cirewa daga katako. Kuma a saman benen nan, inda ɗakina yake shi kaɗai kusa da tankin ruwa, babu katako mai ƙusa sai nawa.

Na fito ba hula, ba takalmi. Ga mutum nan durƙushe gaban jirgin da na shekara goma sha ɗaya ina haɗawa, ya tattare farar jallabiyarsa zuwa gwiwa, ya ciji wayarsa da haƙori tana haska masa. Gudumar da ke hannunsa ma tawa ce. A lokacin wannan ya fi komai ƙona mini rai, ku ji shirme.

"Wane ne nan?"

Ya cire wayar daga baki ya miƙe. Alhaji Abdulghaffar ne, yayan Zubaidatu, matar da saura kwana tara a ɗaura mana aure. Shi ne waliyyinta.

"Alhaji? Lafiya? Ta ina ka hau?"

"Ta katanga," in ji shi. Benensu da namu bango ɗaya ya raba. Ya ɗago abin da ya ciro ya haska shi da waya: silifas kore na ƙafar hagu, mai 'yar fure ruwan zinariya, igiyarsa a tsinke, ƙusar tana nan soke a jikinsa. "Na waye wannan, Kassimu?"

Kassimu. Babu Malam. Na ba shi shekara goma sha ɗaya a duniya.

"Na Zubaidatu ne."

"Alhamdu lillahi, ba ka yi musu ba. Matata ce ta hango shi tana shanya, na ce ƙarya take yi. A ina ka buga ƙusar?"

"A inda ake bugawa mana. In ba a dunduniya aka kama shi ba, iska za ta..."

"A dunduniya. Ƙafar hagu." Ya matso har ina jin turarensa. "Wata nawa ƙanwata ta yi tana ɗingishi da dunduniyar hagu?"

Wallahi sai a lokacin na fahimci abin da yake gani. Ya jefar da gudumata ƙasa, ya naɗe silifas ɗin a cikin rawaninsa don kada ya taɓa jikinsa, ya ce, "Gobe bayan la'asar, a gidana." Ya tsallake katangar yana nishi, ya bar ni a tsaye.

Ku da kuke karanta wannan a wayoyinku, na san mafi yawanku jikokina ne a shekaru, kuma kun saba jin 'yan mata suna ba da labarin samarinsu. Yau tsoho ne. Ku haƙura da rubutuna, aji uku na yi a lakkol, wato makarantar boko, a Tasawa aka cire ni. Amma ina so ku ji yadda abin yake kafin ku ji shi a bakin wani.

Na zo ƙasar nan a 1978, ta Sudan, a jirgin ruwa, mu ɗari da wani abu a kwance a kan bene kamar buhuna. Na yi aikin hajji na maƙale. Na koyi walda a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Hindawiyya, daga baya na koma gyaran fanka da risho da na'urar sanyaya ɗaki. Matata ta fari ta rasu ba mu samu haihuwa ba. Kafilina, mutumin da ya tsaya mini a wurin hukuma, shi ma ya rasu, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta mutu tare da shi, tun daga nan nake tafiya ta lungu.

Halina ɗaya da mutane ba su so: ba na iya wuce bola ban leƙa ba. Ba don yunwa ba. Ni dai in na ga murfin tukunya an yar, sai in ga taga. In na ga fiffiken fanka, sai in ji yana roƙona kada in bar shi nan. Garin nan fa cike yake da irin wannan aiki. Ku je shataletalen keke ku ga ƙaton keken da ya fi bene tsawo, wanda aka ce da tsofaffin ƙarafa aka haɗa shi. Baƙi suna tsayawa a ɗauke su hoto a gabansa. Wancan gwaninta ce. Nawa kuwa, tunda baƙin tsoho ne ya yi shi a saman rufi, za ku ji sunan da aka ba shi.

Da farko jimina na ƙera da salansar mota. Wani malami ya hau ya gani, ya ce haramun ne siffanta abu mai rai. Ban yi gardama ba, a gabansa na sa zarto na yanke mata kai. Daga ranar na ce ba ni ba abu mai rai. Shi ya sa na koma jirgi, irin wanda ya kawo ni. Tsawonsa taku tara. Cikinsa ƙofofin firij ne, tagoginsa murafan tukwane, bututun hayaƙinsa butoci uku na dalma da na jera bisa juna. Tutocinsa lemomin alhazai ne da suke yarwa in za su koma gida. Farfelarsa ta fanka ce, tana juyawa da kanta.

Sai dai jirgi ba mutane ba jirgi ba ne. Na yi wata biyu ina tunanin yadda zan sa fasinja ba tare da na siffanta ɗan Adam ba. Wata rana a ƙofar masallaci na ga takalma a jere, sai na ce, ai ga su nan. Ko ba ka ga mutum ba, in ka ga takalminsa ka san yana ciki. Na shiga tsintar silifas marasa 'yan'uwa a bolar unguwa, ina wanke su, ina jera su a kan benen jirgin, kowane da ƙusarsa don kada iska ta kwashe. Don tsoron Allah na yi haka. Ku riƙe wannan. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa a wajenmu, in aka ga takalmin mutum da ƙusa a ciki, ba a tsayawa tambaya. An kafe shi ke nan, an yi masa sammu.

Zubaidatu kuwa masa take toyawa a ƙofar benensu tun mutuwar mijinta, shekara huɗu ke nan. Doguwa ce, tana da wushirya, kuma in za ta yi dariya sai ta kai bayan hannu ta rufe baki. Wata biyar da suka wuce, ranar wata Talata da hantsi, fankarta ta ƙi juyawa, ba ta sami wanda za ta aika ba, ta ɗauko ta da kanta ta hau hawa uku. A matakala ta ƙarshe igiyar silifas ɗinta ta tsinke. Ta shigo tana mita, sai ta ga jirgin ta tsaya.

Kowa ya gan shi dariya yake yi. Ita zagaya shi ta yi, a hankali, tana taɓa murafan tukwanen da yatsa.

"Malam, ina za shi?"

"Gida," na ce.

"Akwai sauran wuri?"

"Akwai."

Ta sunkuya ta cire tsinkakken silifas ɗin ta miƙo mini. "To ga nawa. A gaba nake so, in na zauna a baya amai nake yi."

Ta sauka da takalmi a ƙafa ɗaya, abayarta ta rufe ɗayar. Ko minti goma ba ta yi ba. Ni kuwa na ɗauki ƙusa mafi kyau da nake da ita, sabuwa, wadda ba ta taɓa shiga katako ba, na kafa ta a can gaba inda iska take fara bugowa. Bayan sati biyu na aika a nema mini aurenta. Abdulghaffar ya ja ƙafa ya ja ƙafa. Shi direba ne a wani gidan masu hali a Abhur, jallabiyarsa kullum a goge, kuma ya sha faɗa a bayan idona cewa ba zai haɗa zuri'a da mai tonon shara ba. Da ya ga ta kafe a kan tana so, ya amsa da baki. Zuciyarsa ba ta taɓa amsawa ba.

Ciwon dunduniyar kuwa, likitan asibitin unguwa ya faɗa mata dalili: tsayuwa a kan siminti tun asuba gaban tanda. Amma wa zai saurari likita ga ƙusa a hannu?

Ina nan tsaye inda ya bar ni, wayata ta yi ƙara a ɗaki. Saƙonta ne.

"Malam, Yaya ya shigo da shi. Gidan ya hargitse. Don girman Allah kada ka faɗi na hau sama."

Ni ba na sauri a rubutun waya. Da yatsa ɗaya na rubuta: "To in ce me?"

"Ka ce a bola ka tsinta kamar sauran."

"In na ce haka, ya tabbata na bi bolarki ina neman abinki. Kuma ƙarya ce."

Na kalli wayar har fitilarta ta mutu, na danna, ta sake mutuwa. Can sai ga shi:

"Ka yi haƙuri."

Ka yi haƙuri! Na yi jifa da wayar kan katifa. Ba wai ban gane ba ne. A garin nan mace ta hau ɗakin gwauro ita kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. In maganar ta fita, ba za a ce minti goma ba, ba za a ce fanka ba. Matan da ke sayen masarta su ne za su fara tofar da yawu. Na san duk wannan. Amma sanin bai hana zuciyata tafasa ba. Ita ta ba ni da hannunta, tana dariya, yanzu kuma ni kaɗai zan tsaya a ce mini boka.

Da gari ya waye na gane matar Abdulghaffar ba ta kwana da maganar a ciki ba. Ban gama shan koko ba na ji takun mutane a matakala. Na buɗe ƙofa, ga mutum wajen goma, maza da mata, kowa yana leƙen jirgin ta kafaɗar wani. Wata ta ce 'yarta ta shekara uku ba manemi. Wani ya ce tun bara ake ƙin sabunta masa takarda. Kowa ya zo neman takalminsa.

Waɗannan ban damu da su ba. Wanda ya kashe ni Saleh tela ne. Shekara ashirin muna shan shayi a shagonsa. Shi ya kawo mini tsohuwar ƙafar keken ɗinki da na yi wa jirgin matuƙi da ita. Yana tsaye a baya, yana kallon ƙasa.

"Saleh, har da kai?"

"Ba wai na yarda ba ne, Malam," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Amma ka san shagon nan kwana biyu ba ciniki. Uwargida ce ta ce in zo in duba kawai. Akwai wani silifas baƙi, mai lamba arba'in da uku..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ɗauki gudumar na hau jirgin da kaina. Ina zarewa ina wurgo musu, ina zarewa ina wurgo musu. "Ga naki! Ga naka! Wannan na wa? Ku kwashe! A bola kuka zubar, ƙuda na bi, ba wanda ya ce nasa ne. Yau da na wanke na ba shi wurin zama, ya zama abin tsoro!" Suka yi ta tsinta suna ja da baya, wasu ma ba nasu suka ɗauka ba. Kafin azahar benen jirgin ya zama fili, sai ramukan ƙusa.

Da la'asar ta yi na buɗe akwati na ɗauko shaddar da na ɗinka don ranar ɗaurin aure, ruwan toka, mai aikin zare fari a wuya. Saleh ne ya ɗinka ta. Na ce in ma ba za a ɗaura ba, sai na sa ta sau ɗaya a gidan. Na kafa hula, na shafa turaren da na ɓoye tun Ramadan, na goge baƙin mai daga farcena da kananzir, na sauka.

Falon Abdulghaffar irin na Larabawa ne, matasai ja a jere jikin bango, darduma mai kauri, hoton Ka'aba a firam. Na'urar sanyin da ke gurnani a bango ni na gyara ta bara. Ta hagu akwai labule ruwan ƙasa da ya raba falon da cikin gida. A tsakiyar ɗaki an shimfiɗa jarida, an ɗora silifas ɗin, an yayyafa masa ruwan ganyen magarya, ƙusar tana gefe. Ba a kawo shayi ba. A gidan da aka saba cika mini kofi kafin in zauna.

Saleh yana nan, an kira shi shaida, ya rasa inda zai sa idonsa. Sai kuma Inno, tsohuwar da ke zaune a hawa na ƙasa, wadda ta haura tamanin. Ita ba a gayyatarta ko'ina kuma ba a korarta daga ko'ina. Ta samu kusurwa ta miƙe ƙafa, sandarta a gefe, tana jan carbi.

A ƙarƙashin labulen na hango yatsun ƙafa masu lalle. Na san su.

"Ba dogon zance za mu yi ba," in ji Abdulghaffar. "A ina ka samu takalmin ƙanwata?"

"Ba a bola na tsinta ba."

Yatsun da ke ƙarƙashin labule suka dunƙule.

"To a ina?"

"Ba zan faɗa ba."

"Sata ka yi?"

"Ban taɓa ɗaukar abin da mai shi yake so ba."

"Wani ka aika ya shigo mini gida?"

"Ban aiki kowa ba."

"Ya salam! Bai tsinta ba, bai sata ba, bai aika ba. Saleh, kana ji? Tashi ya yi da kansa ya hau bene uku?" Ya juyo gare ni. "Ko kuwa masu kawo maka ne suka kawo maka?"

"Alhaji, a kawo Alƙur'ani in dafa. Ban san sammu ba, ban taɓa zuwa wurin mai yi ba."

"Mai wannan aikin rantsuwa ba ta yi masa nauyi. Ba kai ne ka aiko mata da soso ba, ka ce ta sa a cikin takalmi?"

"Soson kujerar mota ne! Na yanka mata don dunduniyar ta sami taushi!"

"Ka soke ta sama, ka bi ta ƙasa. Mace mai hankali, wadda 'yan kasuwa biyu suka nema ta ƙi, rana ɗaya ta tashi ta ce sai mai tonon shara. Tun a lokacin na ce wannan ba haka kawai ba."

To, ga ainihin maganar ta fito. Ba ƙusa ba ce damuwarsa. Bai taɓa yarda cewa mace za ta iya kallona da idonta biyu ta so ni ba. Sai da asiri.

Na tuna kwana takwas ne suka rage. Na ce, "Alhaji, in jirgin ne matsala, zan fasa shi. Yau ɗin nan, da hannuna, a gabanka. A kira masu sayen ƙarfe su kwashe. Shekara goma sha ɗaya ne, amma na yafe."

Wallahi ban san zan iya faɗin haka ba sai da na ji shi ya fita. Ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora mini firij. Saleh ya ɗago kai a karo na farko.

Abdulghaffar ya yi murmushi. "Kun gani? Da babu komai a ciki, me zai sa ya yi saurin cewa a fasa? So yake ya ɓatar da sauran shaida."

A nan igiyata ta tsinke. Na miƙe tsaye, ban san na miƙe ba.

"In na ce ba zan fasa ba, boka ne ni. In na ce zan fasa, boka ne ni. To me kake so in ce, Abdulghaffar? Kai wane ne? Ba ni na gan ka ranar da ka sauka a Hindawiyya ba, da leda ɗaya a hannu, wandonka ɗaure da igiyar buhu? Ba a warsharmu ka kwana wata uku a kan kwali ba? Katifar farko da ka kwanta a kai a garin nan, daga ina na ɗauko maka ita? Daga bola! Ka yi barci a kanta har da minshari! Yau don kana tuƙa motar wani, kana shaƙar sanyin gidan wani, ni ne ƙazami?"

"Malam, zauna," in ji Saleh, yana jan bakin rigata.

"Sake ni! Kai ma ka je ka ga ko cinikin ya dawo!"

Fuskar Abdulghaffar ta yi baƙi. Bai ɗaga murya ba, wanda ya fi muni. Ya juya wajen labulen.

"Zubaida."

"Na'am, Yaya." Muryar ƙasa-ƙasa.

"Ke kika ba mutumin nan takalminki?"

Ina kallon yatsun nan. Kalma ɗaya ce. Ba sai ta ce ta hau ba, ta ce i kawai, sauran in san yadda zan yi da shi. A raina ina cewa, faɗi, Zubaidatu, faɗi, ni da na yarda in fasa jirgi saboda ke.

"Ban sani ba, Yaya."

Ban sani ba. Matar da ta ce a gaba take so.

Ku 'yan mata masu karatu, na san za ku ce tsoro ne, ku ce ba ta da wurin zuwa in yayanta ya juya mata baya. Na sani. Amma ni a wannan lokacin da za a tsaga ƙirjina, wuta za a gani. Maganar tana bakina, cikakkiya: ranar Talata, da hantsi, da fanka a hannu. Harshena har ya ɗauko ta. Na kalli Saleh, na tuna duk abin da ya ji yau uwargidansa za ta ji kafin magariba. Na cije. Har yanzu da nake rubuta muku ban san ko don sonta na yi shiru ba, ko don in nuna mata na fi ta.

"Halas, magana ta ƙare," in ji Abdulghaffar. Ya miƙa hannu bayan matashi ya jawo wata jaka, ya turo ta gabana da ƙafa. Na gane ta. Kayan da na aika ne, turame biyu, turare, da mayafin da na zaga kasuwar Balad sau uku kafin in zaɓa. "Ɗauki kayanka. Babu aure. Kuma ka gode wa Allah sunan ƙanwata nake karewa. Da ba haka ba, waya ɗaya zan buga wa hukuma. Ka san hukuncin mai sihiri a ƙasar nan, balle wanda ba shi da iƙama. Yalla, fita."

Bayan labule wani ɗan sauti ya fito, kamar an toshe baki da mayafi. Ban waiwaya ba. Na sunkuya na ɗauki jakar. Na nufi ƙofa.

"Tsaya tukuna, ɗan nan."

Inno ce. Ta ajiye carbi, ta ɗauki sandarta, ta miƙa ta tana juya silifas ɗin a kan jarida, ta kifa shi, ta sake birkito shi, tana leƙen 'yar furen.

"Inno, kada ki taɓa shi," in ji Abdulghaffar.

"Kai, rufe mini baki, na girmi uwarka. Ni wani abu ne ya ɗaure mini kai." Ta gyara zama. "Shekaranjiya na shiga ɗakin Zubaida in ga kayan da take haɗawa na tarewa. Ta buɗe mini akwati. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, na ga wani abu a naɗe cikin sabon ɗankwali. Na ɗauka zinariya ce, na warware. Ashe ɗan'uwan wannan ne, na ƙafar dama. An wanke shi tas, har turaren wuta aka yi masa."

Na tsaya da jakar a hannu. Saleh ya buɗe baki. Abdulghaffar ya juya a hankali ya dubi labulen, yatsun nan kuwa suka janye ciki.

Inno ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wai don Allah ku gaya mini, ni tsufa ya sa ba na gane abubuwa. Macen da aka ɗauke wa takalmi ba da saninta ba, me ɗayan yake yi a cikin kayan aurenta?"